Yadda Ake Canza Aisi a Allon Talabijin Filasma a Gida

Masu tsofaffin filasma, musamman masu gidajen kallon ƙwallo, sun sha yi mini tambaya ɗaya: mai gyara ya ce aisi (IC, baƙar ƙwayar lantarki mai ƙafafu da yawa) ne ya ƙone, ya ce sai an canza allon gaba ɗaya, allon kuma an neme shi an rasa, shin mutum zai iya cire aisin da kansa ya sa wani? Zai iya. Amma ba kowane aisi ba, kuma cirewa da sawa shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Babban aikin shi ne gano abin da ya kashe aisin, domin idan ka bar shi a ciki, sabon da ka sa ba zai kai minti ɗaya ba.

Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera filasma zuwa ƙarshen 2014, Pioneer kuwa tun 2009 ta sanar da barin harkar. Saboda haka kusan duk allon da za a miƙo maka a kasuwa yau, daga cikin wata matacciyar talabijin aka ciro shi. Wannan ne ya sa gyaran ƙwaya ɗaya yake da daraja. A bayanin nan, idan na ce allo ina nufin koren farantin da masu gyara ke kira bod, idan na ce gilashi ina nufin fuskar da hoto ke fitowa.

1. Tabbatar filasma ce, sannan ka karanci alamar

A wajenmu duk talabijin mai faɗi filasma ake ce mata, alhali yawancinsu ba ita ba ce, kuma cikinsu daban ne. Duba lambar samfur a bayanta. Ta Samsung tana farawa da PS ko PN, ta LG za ka ga harafin P bayan girman inci, kamar 42PJ ko 50PK, ta Panasonic kuma TH ko TX-P ko TC-P, sai dai idan TH ce, a duba rubutun da ke kan takardar bayanta a tabbatar filasma ce. Filasma ta gaske tana da nauyi, fuskarta gilashi ne mai tauri, kuma tana ɗaukar zafi sosai.

Kafin ka taɓa sukundireba, kalli yadda take yi. Idan ta yi ƙas ta kunna sannan ta yi ƙas ta mutu, ko sauti na fita amma gilashi baƙi ƙirin, zargi yana kan allon Y da allunan bafa (mataki na 4 zai nuna maka su). Idan layi ne a kwance daga hagu zuwa dama, ko rabin sama ko rabin ƙasa ya ɗauke, wannan aikin bafa ne. Panasonic tana taimakawa da ƙifta jar fitilar gaba: ƙiftawa 6 ko 7 tana nuni ga allon SC, wato allon Y nata, da bafofinsa, 8 kuma allon SS na gefen dama.

Gargaɗi: layi siriri a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, galibi aisin da ke manne a jikin ribon ne, wato siririyar wayar nan mai faɗi da ta fito daga gilashi. Wannan da injin kamfani aka liƙa shi, ba a canza shi a gida. Idan ka sake zaunar da ribon ɗin a soket layin bai tafi ba, kada ka kashe ko sisi. Haka jajayen ɗigo-ɗigo masu walƙiya a hoto, yawanci saitin wuta ne ko kafasita da ta gaji, ba aisi ba.

2. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Za ka buƙaci mita mai gwajin dayod wadda ke ɗaukar aƙalla bolt 600, ayan ɗin liƙi mai saita zafi, mai ƙarfin wat 60 zuwa sama, da baki mai ɗan faɗi kamar kan kurfi, bulowa mai hura iska mai zafi irin ta masu gyaran waya, dalma siririya mai gubar da ke narkewa a digiri 183, man liƙi mai kyau, lagwanin jan ƙarfe mai tsotse dalma, famfon zuƙe dalma, hantsaki, gilashin ƙara girma, sifirit mai tsabta da tsohon buroshin haƙori, takardar alminiyam, tsinken sakace, rasista mai kilo-om 10, wat 10, man shan zafi fari, da silikon marar tsami.

Ga yadda nake ba da shawarar a yi lissafi. Farashin waɗannan kaya yana bin dala, don haka tambayi kuɗin abu uku a rana ɗaya: aisin, allon na hannu idan akwai, da bulowa. Kusan kullum aisi shi ne mafi araha, bulowa kuma ita ce mafi tsada, har takan fi allon na hannu. Idan talabijin ɗaya ce gare ka, sayen bulowa asara ce. Yi gwaje-gwajen da kanka, sayi aisin, ka kai allon wurin mai gyaran waya wanda hannunsa ya faɗa, irin na Farm Centre a Kano ko kasuwar waya ta garinku, ya ɗaga tsohon ya ɗora sabon, ka biya kuɗin aiki kawai. Mai talabijin uku ko huɗu, ko wanda ke son koyon sana'ar, shi ya kamata ya saya.

Wani abu da ba ya cin kuɗi amma ya fi komai amfani: nemi mataccen allo wurin masu gyara ko 'yan gwangwan, ka cire aisi ka mayar sau da yawa har hannunka ya daina rawa. Kada allon da kake son ceto ya zama na koyo.

3. Buɗewa da sauke wuta

Zare filogi daga bango, ka ba ta minti 10. Bar ta a tsaye a kan ƙafarta idan murfin zai fita a haka. Idan dole sai an kwantar da ita, mutum biyu su kama, a shimfiɗa bargo mai kauri a kan tebur madaidaici, kada wani abu ya tokare tsakiyar gilashin. Da ka cire murfi, ɗauki hoton komai da waya, kusa da nesa, kafin ka zare ko waya ɗaya.

Gargaɗi mai girma: babbar kafasitar allon wuta tana riƙe kusan bolt 400, layin Vs kuma, ɗaya daga cikin manyan layuka biyu (Vs da Va) da ke fitowa daga allon wuta, yana kusa da bolt 200, kuma suna iya zama a cike bayan an zare filogi. Wannan wuta tana kisa. Sa mita a kan DC ka auna ƙafafun babbar kafasitar, sannan ka auna Vs da Va tsakaninsu da ƙarfen jikin talabijin. Idan da sauran wuta, haɗa rasistar nan da wayoyi masu rufi, ka ɗora ta a kan ƙafafun na daƙiƙa 30, ka sake aunawa, har sai ka ga ƙasa da bolt 5. Kada ka haɗe ƙafafun da sukundireba don ta yi tartsatsi. Na san ana yi, amma yana ƙona layin allo kuma yana raunata kafasitar. Cire zobe da agogo, sa takalmin roba, kuma kada yara su kasance a ɗakin.

Lokacin hunturu iska a bushe take, jikin mutum na tara wutar da ke kashe aisi ba tare da ka ji komai ba. Ɗaura abin hannu mai sauke ta idan kana da shi, in babu, taɓa ƙarfen jikin talabijin kafin ka ɗauki allo, ka kuma riƙe shi ta gefe.

4. San allunan, ka san wanda za ka iya

Idan kana kallon bayanta, babban allon da ke hagu mai manyan ƙarafan shan zafi shi ne allon Y. LG na rubuta YSUS, Samsung Y-MAIN, Panasonic SC. Siraran allunan da ke manne da shi a can gefe, ɗaya sama ɗaya ƙasa ko guda ɗaya dogo, su ne bafa. A kansu za ka ga baƙaƙen aisi masu kusurwa huɗu a jere, an zagaye ƙafafunsu da silikon. Na dama shi ne ZSUS, ko X-MAIN, ko SS. Allon wuta yana tsakiya, ƙaramin allon sarrafa hoto yana ƙasa da shi, sai allon da ke da ramukan HDMI.

Abubuwa uku ne ake canzawa a gida: aisin bafa, tiransistocin da ke kan allon Y da na dama, da kuma babban aisin nan mai faɗi da ke ƙarƙashin ƙarfen shan zafi a tsofaffin LG, wanda ake kira IPM. Babban aisin allon HDMI wanda ba a ganin ƙafafunsa, dalmarsa na ƙarƙashin cikinsa, ka bar shi. Ƙananan aisi masu ƙafa 8 masu ajiyar bayanai suna da sauƙin liƙi, amma sabo fanko yake zuwa, a yawancin samfura sai an zuba masa manhajar talabijin ɗin.

Tun kana nan, dubi kafasitocin allon wuta. Duk wadda kanta ya kumbura a canza ta tukuna. Talabijin da yawa da aka yanke wa hukuncin aisi, kafasita ce kawai.

5. Gano wanda ya mutu, da wanda ya kashe shi

Nan ne ya kamata ka zauna ka ba da lokaci. Fara da ido da hanci: aisin bafa da ya ƙone sau da yawa yana da ɗan rami ko ƙuraje a bayansa, ko silikon ɗin gefensa ya yi baƙi. Amma wani yakan mutu fes ba tabo, don haka mita ce alƙali.

Ciro bafa. Soket ɗin ribon yana da ɗan murfi da ake ɗagawa ko a ja shi. Buɗe shi da farce, ka zaro ribon ɗin a miƙe. Ribon ɗin nan a jikin gilashi yake, idan ya yage talabijin ta gama aiki, don haka a hankali.

Bafa tana da nata ƙasa na daban, wato layin da masu gyara ke kira giraun (ground), wanda ba ya haɗe da ƙarfen jiki. Ana rubuta masa FG, ko VFG, ko OUT-L, gwargwadon kamfani, kuma shi ne faffaɗan layin jan ƙarfen da ke zuwa daga allon Y. Sa mita a gwajin dayod, ɗora jan tsinke a wannan layi, ka bi da baƙin tsinke a kan ƙafafun soket ɗin ribon ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyun ƙafafu za su ba ka lamba kusan iri ɗaya, wajen 0.4 zuwa 0.8. Juya tsinkayen, ya kamata mita ta nuna a buɗe. Duk inda ta yi ƙara ko ta nuna kusan sifili, bi layin da ido zuwa aisin da ya fito, ka sa masa alama da maka. Kada ka tsaya don ka samu ɗaya. Ƙafafun suna da yawa, aikin na da gajiyarwa, amma ka bi su duka, a bafar sama da ta ƙasa. Auna kuma tsakanin layin wutar da ke shiga bafar da wannan ƙasa nata. Idan nan shot ne, wato biyun sun haɗe kai tsaye, alhali ƙafafun fita lafiya, akwai aisin da ya haɗe ta ciki, kuma wani lokaci sai an ɗaga su ɗaya-ɗaya kafin shot ɗin ya ɓace.

Yanzu koma kan allon Y, ko da kana ganin ka riga ka kama ɓarawon. Allon Y da bafa kashe juna suke yi: wanda ya fara mutuwa yakan ja ɗayan. Auna fiyus ɗin da ke kan allon. Auna tsakanin ƙafar Vs da ƙasa. Idan mita ta yi ƙara ba ta daina ba, akwai shot. Bi tiransistoci da dayod ɗin da ke jikin ƙarafan shan zafi, kowanne ka auna tsakanin ƙafafunsa uku. Da yake a jere ake haɗa su, ɗaya idan ya haɗe duk 'yan layinsa za su nuna shot, sai ka ɗaga su ka auna kowanne a waje. Kusa da ƙafar farko ta kowace tiransista akwai 'yar ƙaramar rasista mai om kaɗan. Idan tiransista ta fashe takan tafi da ita, har da ƙaramin aisin da ke tuƙa ta. Kwatanta da na layin da bai ƙone ba. Yi wa allon dama irin wannan awo.

Ra'ayina a nan: idan aisi uku ko fiye suka mutu a bafa ɗaya, ko allon ya ƙone har ya zama gawayi a wani wuri, nemi bafa ta hannu. Gawayi yana wuce da wuta, kuma duk aisin da ka ɗora a kansa zai sake tashi.

6. Sayen aisin

Goge bayan aisin da sifirit, haska shi da tocila ta gefe, ka kwafi lambar gaba ɗaya har harafin ƙarshe. A bafofin Samsung da LG za ka ci karo da irin su FE3407F da SN755866 da SN755867. A allon SC na Panasonic akwai tiransistoci irin 30F131 da RJP30H2A da DG302. IPM na LG kuma lambarsa kan fara da YPPD. Kamannin jiki ba hujja ba ne. Lambobi biyu na iya bambanta da harafi ɗaya, ƙafafunsu kuma su sha bamban.

Tafi kasuwa da allon a hannu, ko Sabon Gari a Kano, ko ka aika Alaba a Legas, ko ka yi oda ta intanet. Jabu sun yi yawa, musamman a tiransistoci da IPM, ana goge lambar wani a buga wata. Araha ba ta ado. Idan rubutun ya goge da sifirit, ko bayan ya yi kaushi kamar an kankare, mayar masa. Sau da yawa aisin da ka ciro da kanka daga bafar hannu mai lamba ɗaya, wanda ka auna ka ga lafiyarsa, ya fi sabon da ba ka san asalinsa ba. Sayi ɗaya ko biyu fiye da buƙata.

7. Cire tsohon

Fara da silikon. Kankare shi da tsinken sakace ko farcen roba, kana bin tsawon ƙafafun, ba kana ƙetare su ba. Kada ka sa reza ko allura. Layukan da ke ƙarƙashi sun fi gashi kauri kaɗan ne kawai. Sai ka ga dalmar kowace ƙafa a fili kafin ka kunna bulowa, domin silikon da ya rage yana tare zafi kuma yana riƙe aisin.

Duba ɗigon da ke kusurwa ɗaya ta aisin, shi ne alamar ƙafa ta 1. Ɗauki hoto, ka kuma sa ɗigo da maka a kan allon daidai wurin. Rufe soket ɗin roba da aisin maƙwabta da takardar alminiyam ninki biyu.

Dalmar kamfani a yawancin waɗannan alluna marar gubar ce, sai wajen digiri 217 take narkewa. Shafa man liƙi, ka bi ƙafafun da ayan kana ƙara taka dalmar mai gubar. Gaurayar tana sauko da zafin da ake buƙata. Sannan ɗumama allon gaba ɗaya daga nesa, ta ƙasa da ta sama, na minti biyu, har ya yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba. Saita bulowa tsakanin digiri 330 da 360, iska matsakaiciya, baki kamar santimita 2 daga aisin, kana zagaya ƙafafun ba tsayawa. Wasu aisin bafa suna da faranti a cikinsu da aka liƙe da allon, su sukan ɗauki lokaci, kuma suna son zafi ta ƙasa.

Taɓa gefen aisin da hantsaki a hankali. Idan ya motsa kamar yana iyo, ɗaga shi sama a miƙe. Gargaɗi: idan bai motsa ba, ƙara lokaci, kada ka ƙara ƙarfi. Banƙara aisin da dalmarsa ba ta gama narkewa ba shi ne kuskuren da ya fi kashe bafa, domin yana tahowa da wuraren zaman ƙafafun. Idan kuma allon ya fara canza launi ko ka ji ƙas-ƙas, janye, zafin ya yi yawa.

8. Share wurin

Shafa man liƙi, ɗora lagwani a kan wuraren zaman, ɗora ayan a kan lagwanin a digiri 330 zuwa 350, ka ɗaga su tare. Dannawa ake yi a ɗaga, ba gogawa ba. Wanke da sifirit da buroshi. Kafin ka ɗora sabo, maimaita awon mataki na 5 a kan allon: shot ɗin ya tafi? Idan yana nan, ba wannan aisin kaɗai ba ne.

Idan ka yi amfani da dalmar nan ta musamman mai saurin narkewa wadda ake sayarwa don cire aisi, share ta tas. Bafa tana zafi a bakin aiki, ragowarta zai sa liƙin ya saki.

9. Ɗora sabon

Shafa man liƙi kaɗan, ɗora aisin, ɗigo a kan ɗigo. Tsakanin ƙafa da ƙafa rabin milimita ne ko ƙasa da haka, don haka sa gilashin ƙara girma ka duba ɓangarori huɗun duka. Liƙa ƙafa ɗaya a kusurwa, sake dubawa, liƙa ta kusurwar da ke fuskantarta, sake dubawa. Muddin ƙafa biyu ne kawai a liƙe, gyara zama abu ne mai sauƙi. Bayan ka liƙe gefe guda kuwa sai dai a sake ɗagawa.

Sai ka shafa man liƙi sosai a gefe ɗaya, ɗauki 'yar dalma kamar ƙwayar gero a bakin ayan, ka ja ta a hankali a kan ƙarshen ƙafafun daga farko zuwa ƙarshe. Man ne ke raba dalmar, kowace ƙafa ta ɗauki rabonta. Inda biyu suka haɗe, ƙara mai, goge bakin ayan, ka ja daga jikin aisin zuwa waje. Idan ta ƙi, taɓa da lagwani. Yawan dalma ne ke kawo matsala, ba ƙarancinta ba. Idan aisin mai faranti ne a ciki, sa dalma siririya a wurin zaman farantin tun farko, ka zaunar da shi da bulowa, sannan ka bi ƙafafun da ayan. Farantin nan ta nan zafi ke fita, idan bai kama ba aisin zai yi aiki na ɗan lokaci ya ƙone.

Wanke da sifirit har sai ba danƙo. A ƙarƙashin gilashin ƙara girma, tura kowace ƙafa da tsinke. Wadda ta motsa ba ta kama ba. Maimaita gwajin dayod a duk ƙafafun soket, ka kuma auna kowace ƙafar fita da maƙwabciyarta.

10. Idan IPM ne ko tiransista

Waɗannan ba siranta ce matsalarsu ba, shan zafi ne. Allon Y yana da jan ƙarfe mai kauri hawa-hawa, ƙaramin ayan ba ya iya narkar da dalmarsa. Ga IPM, kwance ƙarfen shan zafi idan zai kwantu, yanke ƙafafun mataccen da filaya mai yanka tunda ba za ka sake amfani da shi ba, ka zare guntayen ɗaya-ɗaya kana ɗumama allon da bulowa ta ɗaya gefen. Buɗe ramukan da famfo. Kada ka huda rami da ƙusa ko abin huji. Akwai rufin jan ƙarfe a cikin ramin da ke haɗa hawa da hawa, idan ya fita allon ya lalace. Goge tsohon man shan zafi, shafa sabo siriri ko'ina, ɗaure sukurori tukuna, sannan ka liƙa ƙafafu. Idan ka liƙa kafin ka ɗaure, dalmar za ta tsage.

Tiransistocin da ke kwance a kan allo, bayansu gaba ɗaya a liƙe yake. Ƙara dalma a bayan, haɗa bulowa da ayan, ka ɗaga. Canza duk 'yan layi ɗaya tare, da lamba ɗaya, ko da ɗaya ne ya nuna shot, domin sauran sun sha irin wahalar da ya sha. Idan akwai 'yar takardar roba tsakanin tiransista da ƙarfe, mayar da ita yadda take. Fiyus kuma a sa mai lambar da aka rubuta, ba a ɗaura waya.

11. Silikon da mayarwa

Rufe ƙafafun sabon aisin bafa da silikon kamar yadda kamfani ya yi. Ba ado ba ne. Wutar da ke tsakanin waɗannan ƙafafu ta haura bolt 100, ƙura da laima kuma suna sa ta tsallaka. Gargaɗi: silikon ɗin masu gilashin taga mai warin tsami yana cin jan ƙarfe, nemi marar wari wanda aka rubuta na kayan lantarki ne. Ba shi kwana ɗaya ya bushe. Kana iya yin gajeren gwaji na minti ɗaya ko biyu kafin ka rufe, idan allon a wanke yake tas, don kada ka sake kankarewa.

Wajen mayar da ribon, tura shi har ƙarshe, a miƙe, ka ga kunnuwansa biyu sun zauna daidai kafin ka rufe murfin. Ribon da ya karkace yana haɗe ƙafa biyu, kuma shi kaɗai ya isa ya kashe aisin da ka gama sawa. Mayar da sukurori duka. A filasma ta cikinsu allo ke samun ƙasa, wasu kuma su ne ke haɗa allon Y da bafa. Sukuru ɗaya da aka bari na iya jawo tartsatsi. Kwatanta da hotunan da ka ɗauka, hura ƙurar da ta taru, ka tabbatar fankokin suna juyawa idan tana da su.

12. Kunnawar farko

Yi ta a kan wuta mai kyau ta bayan sitabilaiza, ba kan ƙaramin janareta mai hawa da sauka ba. A jikin ƙarfen bayan gilashi akwai takarda da aka rubuta Vs da Va da sauran lambobin wannan gilashi na musamman; Va kan kasance wajen bolt 55 zuwa 65, Vs kuma wajen 200, amma lambar takardarka ita ce doka. Maƙale baƙin tsinken mita a ƙarfen jiki tun kafin ka sa filogi, ka auna da hannu ɗaya, ɗaya hannun a aljihu. Sa filogin inda za ka iya zare shi nan take.

Idan hoto ya fito, sa farin hoto, ka bar ta ta ɗumama minti 10, sannan ka auna Vs da Va. In sun kauce, akwai 'yan maɓallan juyawa a allon wuta da aka rubuta sunayensu. Juya da sukundireba ta roba, kaɗan-kaɗan. Vs da ya haura abin da aka rubuta yana cikin abubuwan da ke cinye allon Y da bafa tun farko. Kada ka zare ko ka sa wata waya tana kunne, kuma kada ka taɓa ƙarafan shan zafi, wasunsu da wuta a jikinsu.

Bayan rabin awa kashe ta, zare filogi, sauke wuta kamar mataki na 3, sannan ka taɓa bayan aisin bafa ɗaya bayan ɗaya. Sabon ya kamata zafinsa ya yi daidai da na 'yan'uwansa. Idan ya fi su sosai, farantin cikinsa bai kama ba ko jabu ne. Idan layi ɗaya siriri a kwance ya rage, ƙafa ɗaya ce ba ta kama ba ko ribon bai zauna ba. Idan kuwa ta yi ƙas ta mutu kamar da, kada ka sake kunnawa ko sau ɗaya. Koma mataki na 5 ka fara daga kan allon Y, musamman ƙananan rasistoci da aisin da ke tuƙa tiransistocin.

In komai ya tafi daidai, rufe murfi, ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango, rage hasken hoto daga ƙololuwa, kuma a gidan kallo mai rufin kwano a sa fanka tana bugun bayanta lokacin bazara.